Gadalin da Na Bari a Doha

Ku matso kusa, ku kife wayoyin nan a ƙasa, ku ba ni aron kunnuwanku. Abin da zan faɗa ba tatsuniya ba ce. Da ƙafata na taka, da idona na gani. Ke kuma mai rubutawa, ki sa shi yadda ya fito daga bakina, kada ki gyara mini.

Shekarar da autata Hauwa'u za ta yi haihuwar fari, tana Doha ita da mijinta. Ita karatu ya kai ta, shi kuma Malam yana aikin gwajin jini a wani asibiti. Suka aiko in je in yi mata wankan jego, in kuma riƙe abin da aka haifa har ta gama karatun. Ban yi gardama ba, don a lokacin ba ni da gidan da zan ce na bari. Ƙauyenmu, can yamma da Funtuwa, ya riga ya watse. Masu bindiga sun mai da shi hanyar wucewa, mu kuma kowa ya kama ɗakin haya inda ya samu.

Ranar da muka fito daga ƙauyen nan ban ɗauki tasa ba, ban kama akuya ba. Gadali na tono da hannu, na ƙulle a bakin zane.

Ku 'yan birni ba ku san gadali ba. Kamar albasa yake, amma ya fi ta girma, kuma ba a cin sa. Duk tsawon rani yana kwance cikin ƙasa kamar matacce. In ruwan farko ya sauka sai ya turo kara, kafin ganye ya gama buɗewa sai fure: fari tas, da jan zane a tsakiyar kowane kunne, ƙamshinsa kuwa da yamma yake tashi. Wasu don tsari suke shuka shi, wasu don farin jini. Mu namu, abin da na sani shi ne kakata ta ba uwata ranar da za a kai ta ɗaki, uwata ta ba ni, kuma duk macen gidanmu da shi take tafiya. Ƙa'idarsa guda ce, uwata ta sha faɗa mini: ba a tashe shi da ruwan hannu. Sai ya sha na sama tukuna, sannan ki ci gaba da ba shi.

Hauwa'u ce kaɗai ba ta samu nata ba, don cikin gudun hijira aka yi bikinta. Na yayyenta da na ƙannena duk sun tsaya a kangaye, wasu shanu sun tattake, wasu wuta ta ci. Nawa ne kawai ya rage, kai guda, kamar dunƙulen hannu. Na ce in Allah ya yarda zan kai shi can, in ya yi 'ya'ya in raba mata, in sauke wannan nauyi.

A filin jirgin Doha aka buɗe jakata. Wani ma'aikaci ya shinshina daddawata, ya kau da kai kamar an mare shi, ya aje ta gefe, ban sake ganinta ba. Ya ɗaga gadalin ya jujjuya, ya ce wa abokinsa wani abu suka yi dariya, ya mayar mini. Albasa ya ɗauka. Ni ban ce albasa ce ba, ban kuma ce ba ita ba ce.

Da muka isa gida na kwance ƙullin, Malam ya leƙo.

"Inna, albasa kika ɗauko mana tun daga Funtuwa? Ai akwai ta a nan."

Hauwa'u ta dafe ƙirji. "Gadalin Kaka ne! Inna, kin san ba a shigowa da tsiro ƙasar nan? Da sun gane da yanzu muna can muna ba da haƙuri."

Na ce, "To ba su gane ba. Ki samo mini ƙasa."

Sai suka kalli juna. A nan na fara gane irin garin da na zo.

Unguwar Muntaza suke, can saman wani bene. Ba tsakar gida, ba zaure, ba kaza ko ɗaya. In ka buɗe ƙofa, wata ƙofa ce ke kallon ka, a rufe. Ina gaishe da mutane a matattakala, su ɗaga ido daga waya su mayar. Tuwo da garin da aka sayo a takarda, miyar kuka ba daddawa. Ladan yana kira da murya mai daɗi, amma ba wanda zai leƙo ta katanga ya ce mini an tashi lafiya. Da aka haifi yarinyar aka sa mata sunan mahaifiyata, don haka Ummi nake ce mata. Ruwan wankan jego kuwa daga bango yake fitowa da zafinsa, ba itace, ba hayaƙi, ba garwa. Ganyen da zan tsoma in yi wa Hauwa'u wanka ma sai da na nema, har ranar da na shiga wani ɗan lambu kusa da benenmu na ga dalbejiya tsaye. Wallahi sai da na tsaya na yi mata sannu, kamar na gamu da 'yar garinmu a kasuwar wani gari.

Ƙasa kuwa, ashe a garin nan sayen ta ake yi, cikin buhu, kamar gishiri. Malam ya yi alkawarin zai kai ni Misaimir inda ake sayar da ita, aiki ya hana shi yau, ya hana shi gobe. Ni kuma na ƙosa. Akwai mai gadin benen, wani dogo mai haƙorin gwal, Abu Sami suke ce masa. Na nuna masa gadalin, na nuna ƙasa da yatsa, ya gyaɗa kai ya ce halas, halas, wato an gama. Washegari sai ga shi da ɗan buhu mai hoton furanni a jiki. Na ba shi abin da ya nuna da yatsunsa, har na ƙara masa da dambun nama. Na zuba a wani bokitin fenti da na huda wa gindi, na binne gadalina, na aje a ɗaki. Daga baya ne na gane yashin wurin gini ya ɗebo a bayan layinmu, ya ɗura a buhun da ya tsinta. Yashin garin nan kuwa gishiri ne da shi kamar hawaye.

Aka yi arba'in, Hauwa'u ta koma makaranta, na zauna daga ni sai Ummi. Sai zafi ya fara. Ya ƙaru, ya ƙaru, har iska ta yi nauyi, in ka buɗe taga sai ka ji kamar ka leƙa tukunyar dambu. Jikina ya ce mini bazara ta kai ƙarshe. Haka take yi a gida: in zafi ya kai inda mutum ba ya iya barci, in gumi ya ƙi bushewa, to hadari na hanya. Na ɗauki bokitin na kai baranda, don ruwan farko ya same shi a waje.

Hauwa'u ta ce, "Inna, a nan fa ba a ruwa yanzu."

Na ce, "Ke da kike wuni cikin ɗaki mai sanyi, me kika sani game da sama? Ki ji iskar nan. Ba za a yi mako ba."

Aka yi mako. Aka yi wata. Kullum da asuba ina fita baranda in dubi gabas, in ga sama fara fat kamar an wanke ƙwarya. Wani lokaci ta yi duhu, in fara murna, ashe ƙura ce, ba hadari ba. Ƙarfen barandar ya kai in ka taɓa sai ya ƙone ka, ni kuwa ina tsaye kan maganar uwata: ba ruwan hannu sai ya sha na sama. Ranar da na kasa daurewa na tona da yatsa, sai na ji gefen gadalin ya yi laushi kamar dafaffen dankali. Rana ta dafa shi a cikin bokiti.

A nan hankalina ya tashi, na yi abin da ya fi na farko muni. Na mai da shi ɗaki, na shiga ɗura masa ruwa safe da yamma, ina neman gafarar uwata. Farin gishiri ya taso saman yashin. Bai tsiro ba. Sai wani wari da ya fara tashi, wanda duk matar da ta taɓa aje albasa ta san shi.

A kwanakin nan kuma Ummi ta kama kuka da ƙuraje. Sanyin asuba ne kaɗai ke kwantar da ita, don haka in na idar da salla sai in sa ta a kekenta mu tafi lambun nan mai dalbejiya. Ina zaune wata safiya sai ga wata Baturiya mai furfura, da hular kaba da waya a hannu. Ta duba dama, ta duba hagu. Ba ta gan ni ba, ina bayan itace. Ta durƙusa gindin wata ciyawa mai jan fure, ta ɗaga dutse, ta cusa wani abu, ta mayar da dutsen, ta share sawunta da hannu, ta tafi.

Na ce a'uzu billahi.

Bayan kwana kaɗan sai ga wani mai gemu, irin mutanen Indiya, shi ma da waya. Ya yi ta zagaye wurin kamar mai neman allura, ya je daidai dutsen, ya zaro abin, ya buɗe, ya yi rubutu a ciki, ya mayar, ya waiga, ya tafi.

To ku gaya mini. Mace ta waiga ta binne abu, namiji ya zo ya ƙara rubutu, a hanyar da nake bi da jaririya kullum, ga yarinya ba lafiya, ga gadalin gida yana ruɓewa. A garinmu wannan suna ɗaya gare shi. Ni na yarda babu mai yi sai Allah, amma idona ya ga abubuwa a duniya.

Na sa hannun hagu cikin leda, na yi addu'o'in da na iya, na zaro shi. Wata 'yar roba ce mai murfi. Ban kai gida ba, don na san Malam zai yi mini wa'azi, Hauwa'u kuma ta ce na fara rikicewa. Na kai wa Sista Rifkatu.

Sista Rifkatu ma'aikaciyar jinya ce, Kirista daga wajen Fankshin, a hawan da ke ƙasa da namu take. Ita kaɗai ce a benen nan in na yi sallama ake amsa mini da Hausa. Takan kawo mini acca da gwate in ta dafa, ni kuma in na yi fura in aika mata. Na same ta ta dawo daga aiki, ko takalmi ba ta cire ba.

Na ce, "Sista, ki rufe ƙofa. An yi mana binne."

"A Doha, Mama? Wa ya san ki a nan da zai ɓata lokacinsa?"

"Ki dai duba. Kada ki taɓa da hannun dama."

Ta sa safar hannu irin ta asibiti, don ta faranta mini, ta buɗe. Sai ga 'yan ƙulle-ƙulle na takarda, da wani furen roba, da ɗan guntun fensir, da takarda a nannaɗe.

Na ce, "Kin gani? Ga layar."

Ta kwance ƙulli ɗaya, ta zuba a tafin hannu. Iri ne, ƙanana baƙaƙe. Ta karanta abin da ke jikin murfin, ta sake karantawa, sai ta zauna a ƙasa tana dariya har da riƙe ciki.

"Mama! Kai, Mama, za ki kashe ni! Wasa ne!"

"Wane irin wasa?"

"Ɓoyo. Mutum ya ɓoye abu, ya sa alamar wurin a waya, wasu su bi su nemo. In sun samu su rubuta sunansu su mayar. Wannan ta furanni ce. An rubuta ka ɗauki iri, ka bar iri."

Na ce, "Mace da furfura a kanta take wasan ɓoyo?"

"Ke da furfura a kanki ba ki sato mata ba?"

Akwai lambar waya a murfin. Kafin in hana ta ta buga. Da la'asar sai ga Baturiyar har ɗakin Sista. Sunanta ya ƙi zama a bakina, na mai da shi Mariya, ta kuma amsa. Mutuniyar ƙasar Holan ce, mijinta injiniya ne, sun daɗe a garin. Da Sista ta gaya mata abin da na zata, ba ta yi dariya sosai ba. Ta ce a faɗa mini ta ba da haƙuri da ta tsorata ni, kuma yaya jikin jaririyar. Sista ta ce ƙurajen zafi ne kawai, ta riga ta ba da magani.

Mariya ta ce tana da irin robar nan da dama a lambunan garin, kowace da sunan furen da ke kusa da ita. Ta ce ba don komai take yi ba sai don mutanen da suka zo daga nesa su fita daga ɗaki, su san akwai abin da ke tsirowa a ƙasar nan. Sannan ta dube ni, idonta na murmushi, ta yi wata magana.

Sista ta ce, "Wai dokar wasan, in ka ɗauka sai ka bar wani abu. Ke kuma gaba ɗaya kika kwashe. Wai me za ki bari?"

Na ce, "Gaya mata ba ni da komai. Abu guda na zo da shi, shi ma yana mutuwa."

Ta ce a nuna mata.

Na hau na sauko da bokitin. Ta ɗanɗana yashin a harshe ta tofar. Ta tono gadalin a hankali da yatsu, ta shinshina, sai na ga fuskarta ta sauya. Ta tambayi yadda aka yi, na faɗa mata tun daga kakata har baranda. Sannan ta ce, ta bakin Sista, shekarar da ta zo ita ma ta kawo kawunan furannin garinsu cike da jaka, waɗanda ba sa tashi sai sun sha sanyin ƙanƙara. Ta binne su a watan da uwarta ke binnewa, ta zauna jira. Ko ɗaya bai rayu ba.

"Wai a nan, Mama, sama a juye take. Ruwa da sanyi yake zuwa, in ma ya zo. Zafin nan da kika ji ba bazara ba ce, ba abin da ke bayansa sai wani zafin."

Mariya ta juya gadalin ta nuna mini gindinsa. Uwar ta tafi, ta ce, amma a gefe, ƙarƙashin ɓawo, akwai ɗa guda kamar goro, da sauran tauri. In an bar shi jikin uwar, ruɓar za ta cinye shi. Sai an yanke, a bar shi ya sha iska, a aje shi wuri mai duhu da sanyi har zafi ya wuce. Ta ce tana da irin wannan wuri a gidanta, da ƙasa mai kyau.

Na ce a'a. Na karɓe kayana na hau sama. Abin da kakata ta riƙe, uwata ta riƙe, na tsallake da shi daga hannun masu bindiga, shi zan sa wa wuƙa, in kuma miƙa wa matar da da safe nake ce wa matsafiya?

Da na gaya wa Hauwa'u sai ta gama shayar da Ummi ta kwantar da ita. Sannan ta ce, "Inna, nawa ne ko ba nawa ba? Ni kika kawo wa. To ni na ce a yanka."

Washegari warin ya ƙaru. Na aika Sista ta kira Mariya. Na ce amma ni zan yanka, da wuƙata. Ta ce haka ya kamata. Ta riƙe, tana nuna mini da farce, ina bi. Uwar ta rabe a hannuna, baƙa, tana ruwa. Ɗan ya fita fari, da ɗan guntun gindi a jikinsa. Mariya ta zaro wata hoda daga jaka za ta barbaɗa a ciwon, ni kuma na riga na miƙa hannu ga kaskon turaren wutan Hauwa'u, don mu toka muke sawa. Muka kalli juna. Ta sa tata a gefe ɗaya, na sa tawa a ɗaya gefen. Uwar kuwa ban yarda a jefa ta a shara ba. Na naɗe ta a tsumma, da asuba na tura ta ƙarƙashin dalbejiyar nan.

Sauran zafin ban san yadda na ƙare shi ba. Duk Juma'a Mariya takan turo hoto a wayar Sista: ga shi nan kwance cikin wani kwali, bai mutu ba, bai yi komai ba. Ni kuma ina goyon Ummi, ina yi mata waƙoƙin daka ba turmi.

Da iska ta fara sanyi Mariya ta zo da mota ta ce yalla, wato mu tafi, muka shiga ni da Sista. Gidanta a Sumama yake, kusa da inda jirage ke sauka, da ɗan fili a baya. Na daɗe ban taka ƙasa da tafin ƙafa ba. Na cire takalmi a bakin lambun nan na tsaya, ban san hawaye na zuba ba sai da Sista ta miƙo mini hankici. Muka haƙa rami a inda inuwar katanga ke faɗawa da rana, muka sa yashi mai daɗi a ƙasa don kada ruwa ya kwanta, muka dasa shi, wuyansa a waje. Mariya ta ɗauko butar ban ruwa, ta tsaya, ta dube ni. Sista ta riga ta gaya mata ƙa'idar. Ta ce an ce akwai hadari cikin makon nan, in ina so a jira, za a jira, amma ba fiye da mako ba. Na ce na yarda.

Ruwan ya zo. Ba irin namu ba, ba tsawa, ba ƙamshin ƙasa sosai, yayyafi ne da sanyi kamar ana jin kunya. Amma daga sama ya zo. Ina baranda na tara hannu na shafa wa Ummi a ka.

Watannin sanyin nan su ne kaɗai zan ce na zauna a Doha, sauran duk jira na yi. Ranar hutun Sista mukan je Sumama. Na ga yadda Mariya ke bi da furanninta masu dawowa duk shekara. In sun gama fure ba ta yanke ganyen, komai muninsa, sai ya bushe da kansa, wai a lokacin ne kan ke cika cikinsa. In sun yi cunkoso ta tono ta raba. In zafi ya gabato ta rufe gindinsu da busasshen ganye ta janye ruwa. Ba mu da harshe guda, amma in ta nuna abu da hannu nakan gane, in na girgiza kai ita ma takan gane.

Har wasan nasu suka ja ni. Su suna kallon waya, ni ina kallon ƙasa, ina tuna yadda muke bin zabuwa muna yara don mu gano inda ta ɓoye ƙwai: ciyawar da ta kwanta ba dalili, dutsen da ba a wurinsa yake ba. Wani lokaci in riga su, wani lokaci in zaro gwangwanin da wani ya yar in ɗaga sama ina murna, Sista ta ce, "Mama, wannan kuma sammun waye?" Na bar irin yakuwa da na kuɓewa a robobi da dama, na ɗauki waɗanda ban san sunansu ba.

Gadalin ya turo ganye guda, siriri kamar na albasa. Sannan na biyu. Ranar da na gani na durƙusa na ce masa sannu da zuwa. Na tambayi Mariya yaushe zai yi fure. Ta ɗaga yatsu, ta karkata hannu: ba bana ba, ba baɗi ba, wataƙila shekarar da ke bayanta.

Ni kuwa bizata ta zo ƙarshe. An sabunta ta har an gaji, Hauwa'u ta gama karatu, babu sauran dalilin da za a rubuta. Mariya ta ce in ina so ta tono mini shi in tafi da shi, amma gaskiya ƙarami ne, yana tsakiyar cin abinci, in aka tashe shi yanzu ba ta ba da tabbaci ba. Hauwa'u kuma ba ta da ƙasa sai baranda.

Na zauna a bakin ramin na daɗe. Sannan na kira Hauwa'u, na kama hannunta na ɗora a kan ganyen, na faɗa mata abin da uwata ta faɗa mini ranar da za a kai ni ɗaki, wanda ba na kunnenku ba ne. Na ce wa Sista ta gaya wa Mariya: ranar nan ta tambaye ni me zan bari, to ga shi, amma amana ce, mai shi ga ta nan tsaye. Mariya ta sa hannu a ƙirji. Na hau jirgi hannuna ba komai.

To ga yadda kowa ya ƙare.

Abu Sami mai haƙorin gwal, an ce ya samu saɓani da kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya kawo shi aiki, ya koma ƙasarsu. Na yafe masa, wataƙila shi ma yana da bakunan da ke jiran sa.

Sista Rifkatu ta samu aiki a wata ƙasar Turawa mai sanyi. Takan kira ni duk Kirsimeti da Salla, kuma ba ta taɓa sallama ba sai ta tambaya ko an sake yi mini binne.

Malam yana nan yana gwajin jininsa. Shi da ya ce albasa ce, yanzu shi ke tuƙa su Sumama, har an ce ya sayi butar ban ruwa.

Mariya mijinta ya aje aiki, sun koma Holan. Kafin ta tafi gadalin ya yi fure, a ƙarshen sanyi, lokacin da a gida ko hadari ba a fara ba. Hauwa'u ta nuna mini a waya, fari da jan zanensa, Ummi tsaye kusa da shi da ƙafafunta tana cusa hanci. Na ce ta matso da wayar, sai na tuna ƙamshi ba ya bin waya. Ya yi 'ya'ya kuma. Mariya ta tono ta raba: babban ta ba Hauwa'u, wadda yanzu sun koma gidan ƙasa mai ɗan fili a Misaimir, ƙananan kuma, da izinina, ta ba wasu daga cikin masu wasan. Ta bar wata roba a bayan katangar tsohon gidanta, ta sa mata suna Gadali. An ce har yanzu ana zuwa nema.

Ni kuma ga ni a Funtuwa, a ɗakin haya, tsakar gida duk siminti. Hauwa'u ta ce za ta nemi hanyar da doka ta yarda ta kawo mini ɗaya. Na ce kada ta kawo, ba zan sake sa shi a bokiti ba. Na ce ta riƙe, ta yi ta rabawa, har ranar da hanyar ƙauyenmu za ta buɗe. In ina da rai, ni zan kai shi. In kuwa ba ni, na riga na kwatanta mata wurin, na sa ta maimaita har ta haddace: in an shiga ta inda zaure yake a da, a bi hannun dama, a wuce gindin tsamiya, akwai rijiya. Ta gabas da ita, inda ruwan guga ke zuba. A nan za a sa shi.